HAƘƘIN MAI SHAGON UNGUWA A KAN MAƘWABTANSA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya wasunmu su zama sanadin arzikin wasu. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya yi fatauci tun kafin a aiko shi har mutanen Makka suka shaide shi da amana, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Abin da aka nemi in yi magana a kansa a wannan zama shi ne mu'amala, wato zaman ciniki tsakanin mutane. Babi ne mai faɗi ƙwarai, duk wanda ya karanci Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya san yadda ɗalibai kan daɗe a babin ciniki kafin su haye shi. Saboda haka ba zan ɗauko shi gaba ɗaya ba. Zan tsaya ne a kan mutum guda wanda kowannenmu ya wuce ta ƙofarsa yau kafin ya iso nan, shi ne mai shagon unguwa, musamman wanda ya daɗe a wurinsa: mai tireda, da mai awo, da mai yadi, da mai sayar da maganin asibiti, da tela, da mai kayan keke da babur. Ina nufin irin dattijon nan na Rafin Zuru ko na Rikoto wanda aka aike ka wurinsa sayen ashana da kananzir kana yaro, yau kuma kai ne kake aiken ɗanka wurinsa.

Mu fara da auna abin da ake nufi idan an ce shago ya daɗe. Shagon da aka buɗe a garin nan a farkon shekarun 1970, bai gusa daga inda yake ba, amma ya zauna a jihohi uku: Jihar Arewa maso Yamma, sa'annan Jihar Sakkwato daga 1976, sa'annan Jihar Kebbi daga 1991. Mai shi ya ga ranar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973. Ya ga canjin kuɗi na 1984, lokacin da gwamnatin soja ta sake launin takardun naira ta ba mutane 'yan kwanaki kaɗan su kai tsofaffin banki, ga kuma layin madara da sukari da sabulu da iyayenmu suke ba mu labari. Ya ga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 wanda ya karya darajar naira. Ya ga rufe iyakokin ƙasa daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da zaman gida na annobar korona a tsakiyar hakan. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya kashe shaguna. Wanda ya tsallake su duka yana nan yana buɗe ƙofarsa bayan sallar asuba, lalle akwai abin da ya riƙe shi, kuma a mafi yawan lokuta abin nan gaskiya ce da haƙuri, domin maha'inci ba ya shekara arba'in a unguwa ɗaya. Mutane sukan gane shi tun bai yi biyar ba.

Ku kwatanta wannan da manyan kantuna. Ita kanta kalmar kanti aro ce daga Turanci, ta shigo mana ne tare da kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da GBO, waɗanda suka zo sayen gyaɗa da auduga da fata, suna sayar mana da gishiri da yadi. Ina kantunansu a garuruwanmu yau? Kamfanin UAC ya yi manyan kantunan Kingsway a Legas da sauran birane, sun zama tarihi. A zamaninmu kuma Shoprite ya buɗe a Kano a 2014, mutane suka riƙa yin tafiya takanas don su gani da idonsu, amma a watan Janairun 2024 ya rufe reshen nan na Kano. Ban faɗi haka don zargi ba. Babban kamfani lissafi yake bi, in lissafi bai fita ba ya naɗe tabarmarsa. Mai shagon unguwa kuwa ba shi da inda za shi. Gidansa na nan, kabarin mahaifinsa na nan, 'ya'yansa da namu makarantarsu ɗaya. Ga Kasuwar Kurmi a Kano, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, har yau tana ci, kuma ƙananan 'yan kasuwa masu gadon rumfa daga uba zuwa ɗa su ne suka riƙe ta.

Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Miya ta ƙare mana a farkon 2023. Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin daina karɓar tsofaffi a ƙarshen Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuwa ba su wadata ba. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. A tsakanin nan mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na cefane, masu POS sun tsawwala, taransifa ta tafi ta maƙale a hanya. Ina tambayarku don Allah, wa ya ciyar da gidajenmu a makonnin nan? Wa ya auna maka shinkafa da man gyaɗa da magi ya ce je ka, in ta samu ka kawo? Baƙon ɗan kasuwa ba zai yi maka haka ba, kuma ba laifinsa ba ne, bai san ka ba. Wanda ya yi maka shi ne wanda ya san mahaifinka.

Kuma garinmu gari ne na masu jiran ƙarshen wata da masu jiran kaka. Ƙasar Zuru ta shahara da aikin soja, gidaje da yawa tsohon soja ne yake riƙe da su da kuɗin fansho. Ga malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma, ga ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya wadda aka kafa a 2020 a mazaunin tsohuwar Kwalejin Aikin Gona, ga manoma waɗanda ba sa ganin kuɗi sai dawa da masara da wake sun iso gida. Duk waɗannan, abin da ke cike musu tazarar da ke tsakanin albashi da albashi, ko tsakanin shuka da girbi, shi ne littafin bashin mai shago. Banki ne da ba ya neman jingina, ba ya ɗora kuɗin ruwa, ba ya rufewa ranar Asabar da Lahadi.

To, yaya muka saka masa?

A nan ne nake son mu dakata, domin a nan ciwon yake. Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a cikinmu, har a cikin masu zuwa karatu, ban keɓe kowa ba. Ranar da albashi ya shigo, mutum zai hau babur ya tafi kasuwa ko wani sabon kanti mai gilashi da fanka, ya ƙirga kuɗi hannu ya yi sayayyar wata. Idan wata ya yi nisa aljihu ya bushe, sai ya tuna da maƙwabcinsa, ya tura yaro da cewa a ba da kaza da kaza a rubuta. Wato tsabar kuɗinsa na baƙo ne, bashinsa kuma na maƙwabci. Idan bashin ya taru ya yi nauyi, sai ya sake hanya, ya riƙa zagayawa ta bayan layi don kada su haɗa ido. In kuwa mai shago ya yi ƙarfin hali ya aiko a tuna masa, sai abin ya zama faɗa, a ce ya ci mutunci, a ce don ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ya 'yan'uwa, wannan zalunci ne, kuma ba ni na sa masa wannan suna ba. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya kira jinkirin biyan bashi daga mai halin biya da sunan zalunci. Ya tabbata kuma an kawo masa gawar wani sahabi don ya yi mata salla, da ya ji ana bin mamacin 'yan dinarai kaɗan kuma bai bar abin biya ba sai ya ja da baya, har sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. A cikin Muslim an bayyana cewa wanda ya yi shahada ana gafarta masa zunubansa amma ban da bashi. Idan jinin shahada bai goge shafin mutum a littafin mai tireda ba, tsawon gemu da ɗage wando ba za su goge shi ba.

Wani zai ce ai ina da niyyar biya, jinkiri ne kawai. Bari in nuna maka abin da jinkirinka yake yi a irin wannan zamani. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar Amurka da hukuma take sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen shekarar. Yanzu mu buga misali. Mai shago ya saro katan ɗin sabulu a kan naira dubu 10, ya sayar da shi ɗaya-ɗaya a kan dubu 11, amma bashi. Bayan wata shida aka biya shi cif, ba a rage ko kwabo ba. Ya koma wurin sari ya tarar katan ya zama dubu 15. A littafi ya ci ribar dubu ɗaya, a zahiri kuwa kuɗin da ke hannunsa ba za su mayar masa da katan ɗin da ya fitar ba. Haka jari yake narkewa. Shi ya sa za ka shiga shagon da ka sani cike har rufi, ka tarar da kantoci rabi babu kowa, an jera 'yan gwangwanaye a gaba-gaba don a rufe ramin da ke baya. Ba ɓarawo ne ya shiga ba. Mu ne.

Shari'a kuwa ba ta ba shi damar ya ƙara maka ko sisi saboda ka yi jinkiri ba, domin wannan shi ne kuɗin ruwa da aka haramta. A nan ma akwai wani ruɗani na harshe da ya kamata ɗalibai su kiyaye. Abin da Bahaushe yake kira riba, wato amfanin ciniki, daga kalmar Larabci ribhu ya fito, kuma halal ne. Abin da Larabci yake kira riba kuwa shi ne kuɗin ruwa. Jumhurun malamai sun halatta a sayar da kaya bashi a kan farashin da ya ɗara na kuɗi hannu, da sharaɗin a yanke farashi guda a lokacin ƙulla ciniki. Amma da zarar an yanke, ya zauna ke nan, ko an shekara ba a biya ba. Ka ga ashe mai shago mai tsoron Allah hannunsa a ɗaure yake, duk asarar jinkiri a kansa take sauka. Wanda ya san haka kuma ya ci gaba da jan ƙafa alhali yana da halin biya, to yana cin amfanin taƙawar ɗan'uwansa ne don ya cuce shi.

A kan wannan kuma sai ga matsalar tsaro. Kowa a nan ya san abin da ƙasar Danko-Wasagu da Sakaba suka gani a hannun 'yan bindiga, tun daga kashe-kashen 2021, da kwanton ɓaunar da aka yi wa 'yan sa-kai a watan Maris na 2022 inda aka rasa mutum fiye da 60, har zuwa sace 'yan mata 'yan makaranta a Maga a watan Nuwamban 2025. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, mai shagon cikin gari da mutumin ƙauye jikinsu ɗaya. Manomin da ya bar gonarsa ya yi gudun hijira, a da shi ne mai zuwa da kaka ya sayi atamfa da kwanon rufi da fitila, ya biya bashin damina. Yau ya dawo cikin gari hannu wofi, kuma ƙofar wannan mai shagon dai zai je neman mudun masara. Irin wannan shi ne wanda aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara masa har ya samu sauƙi, ta kuma nuna yafe masa ya fi alheri. Masu shaguna da yawa suna yin haka ba tare da kowa ya ji ba. Amma ba za su iya ɗaukar nauyin wanda ba shi da shi ba, sai in mai shi ya biya nasa. Duk ma'aikacin da ya riƙe kuɗin mai awo, ya sani da abincin ɗan gudun hijira yake wasa.

Na san abin da ake faɗa: kayan unguwa sun fi tsada. Sau da yawa gaskiya ne. Mutumin da yake saro katan biyu ba zai samu farashin mai saro mota guda ba, ga kuɗin mota daga Kwantagora ko Sakkwato ko Kano, wasu kayan ma tun daga Anaca, a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. Kuma ba zan tsaya a nan in ce wajibi ne a shari'a ka saya a wurin maƙwabcinka ba, domin ba ni da dalili a kan haka, dukiyarka ce, kana da ikon neman sauƙi. Abin da nake cewa shi ne a yi lissafin da adalci. Ka sa kuɗin babur zuwa kasuwa da dawowa. Ka sa cewa shi yana warware maka ƙulli ya sayar maka da sukari na naira 100, ya buɗe maka da dare idan yaro ya kamu da zazzaɓi, ya karɓi kaya in ka mayar, ya yi maka gyara a kan mudu. In ka haɗa duka ka ga har yanzu can ya fi maka, to ka je, amma ka raba: wanda yake ɗaukar bashinka ya riƙa ganin tsabar kuɗinka. Sa'annan a rage tayin wulaƙanci. Mutum zai shiga babban kanti ya biya abin da aka liƙa a jikin kaya bai ce uffan ba, amma ya zo ya tsaya a kan tsohuwa mai daddawa yana ja-in-ja a kan naira 50.

Wata mas'ala da aka sha tambayata, tun da garinmu gari ne na Musulmi da Kirista, na Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani, ga Ibo da Yarabawa waɗanda wasunsu a nan aka haife su: shin wannan haƙƙi ya haɗa da mai shagon da ba Musulmi ba? Amsa ita ce e, babu ko tantama. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir da ya karɓa don iyalinsa. Ya yi ciniki da shi, ya karɓi bashi a wurinsa, ya ba shi jingina don hankalinsa ya kwanta. Haƙƙin maƙwabtaka da wajabcin biyan bashi ba su duba addinin mai bin ka. Wanda ya cinye kuɗin mai kemis don ba Musulmi ba ne, ya haɗa laifi biyu, cin haƙƙi da ɓata sunan addini.

Su ma masu shaguna, da yake na ga wasunsu a nan, akwai nasu. Sura guda aka saukar da sunan masu tauye mudu, ita ce Suratul Muɗaffifina. Mudun da aka bubbuge gindinsa, da sikelin da aka taɓa, da algus a cikin manja ko garin masara, da maganin da wa'adinsa ya wuce aka kankare kwanan watan, da ɓoye abinci a ɗaki ana jiran ya yi tsada alhali mutane suna cikin yunwa, kowane ɗaya yana rushe amanar da aka shekara talatin ana ginawa. Da ma a tsarin Musulunci akwai jami'i na musamman mai duba waɗannan abubuwa a kasuwa, shi ne muhtasibi, Ibnu Taimiyya ma ya yi littafi sukutum a kan aikin hisba. Ku kuma kula da zakka. A mazhabar Malikiyya mai shago irinku, wanda kaya suke shiga suna fita kullum, sunansa mudiri: yakan sa wata guda a shekara ya ƙiyasta kuɗin kayan da ke shago, ya haɗa da tsabar da ke hannu da bashin da yake sa ran za a biya, in sun kai nisabi, wato kimar dinari 20, kusan giram 85 na zinariya, ya fitar da kashi biyu da rabi cikin 100.

Sai yaran shago. Yaro ya yi maka shekara goma yana ɗaukar kaya yana kwana a shago, ranar rabuwa a sallame shi da na mota kawai, wannan ba daidai ba ne. Maƙwabtanmu Ibo sun fi mu tsari a nan, sukan yanke shekarun da yaro zai yi tun farko, in ya cika a ba shi jari ya buɗe nasa. Mu kuwa muna da babin ƙirali a littattafanmu, inda mai dukiya yake ba da jari, mai aiki ya juya, a raba riba a kan kason da aka amince, amma mun bar shi a takarda.

Abu na ƙarshe shi ne rubutu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Amma da yawa daga cikin dattawanmu a ka suke riƙe lissafi, ko su rubuta a bayan kwalin sigari da laƙabin da su kaɗai suka san mai shi: mai jan babur, matar soja, malamin firamare. Ranar da mai shago ya faɗi ya rasu, magada su buɗe littafi su kasa gane kowa, masu bashi kuma su yi shiru, kowa yana jiran a zo a tambaye shi. Daga wannan rana kuɗin nan sun tashi daga na maƙwabci sun koma dukiyar marayu, kuma kun san abin da aka tanadar wa mai cin ta. Sa'annan a zo rabon gado a kasafta kayan shago, wannan ya ɗauki buhu, wancan ya ɗauki firji, shagon shekara arba'in ya mutu a yini ɗaya, alhali shari'a ba ta hana a yi wa kayan kuɗi, kowane magaji ya san kasonsa, su bar shi a haɗe bisa yardarsu, ɗayansu ko tsohon yaron shagon ya ci gaba da juyawa ana raba musu riba ba. Malaman da ake kira rabon gado su riƙa nuna wa magada wannan hanya kafin a fara ɗaga kaya.

Ina roƙon kowane ɗaya daga cikinmu, kafin zama mai zuwa, ya je da ƙafarsa, ba aike ba, wurin duk mai shagon da yake da shafi a littafinsa, ya ce a haɗa masa jimla. Mai halin biya ya biya a take. Wanda ba shi da hali ya faɗi gaskiya, su yanke abin da zai riƙa kawowa duk wata, a rubuta da cikakken suna da kwanan wata a gaban mutum biyu, kowa ya riƙe kofi. Wanda kuma ya san mahaifinsa ya rasu da bashin wani shago, ko mai shagon ne ya rasu ana riƙe da kuɗinsa, ya nemi magada a cikin makon nan.